Ƙyaure na Biyu

Ƙofar Farin Zaure ƙyaure biyu gare ta, kuma a gidanmu kowa ya san ƙyaure nawa ne rabonsa. Idan Mai Ɗaukaka zai shiga, wato wanda ubansa ɗan gidanmu na Rautenfels ne ko na wani gida irinsa, uwarsa kuma 'yar wani gidan sarauta, dogarai biyu kan buɗe su duka su riƙe har ya wuce. Da na ƙarshenmu ya shige, sai a mayar da ƙyauren hagu a zura masa sakata. Sauran jama'a, ko kai ministan sarki ne, ko janar mai lambobi har cibiya, ta ƙyaure ɗaya za ka bi. Haka na taso na tarar, kuma har yau ban ga aibunsa ba.

Ni ce Sidonie, babbar 'yar Sarki Gundolf, yayar Sarki Eberhard mai ci yanzu. Ban yi aure ba. Waɗanda suka neme ni ƙyaure ɗaya ake buɗe musu, waɗanda ake buɗe wa biyu kuwa ba su nema ba. Ƙasarmu ƙarama ce, ba sai an gaya mini ba. In ka hau keken doki bayan karin kumallo, kafin a sauke abincin rana ka fita iyaka. Mai dariya ya yi ta yi. Shekara ɗari shida muna zaune a kan dutsen nan, kuma manyan gidajen da ke hura mana hanci yau, a ƙofarmu kakanninsu suka koyi rusunawa.

Dokar ƙofar tana da wani reshe da na sani tun ina yarinya: muddin ƙafar Mai Ɗaukaka tana kan dokin ƙofa, ba a taɓa ƙyaure, kuma ba mai gifta shi. Mahaifina ya taɓa tsayawa a nan cikin tsakiyar sanyi yana ba wani baƙo labarin aladen dajin da ya harba. Labarin ya yi tsawo, iska tana ta kwarara, fadawa sun yi cirko-cirko a baya ba mai ikon tari. Washegari dogaran biyu suka kwanta da mura, shi kuwa ya ce samarin yanzu ba su da ƙashi.

Kasimir ne autanmu, ni na raine shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Wata rana goɗiyarsa ta kamu da ciwon ciki, ya bi ta gidan Brandhorst, likitan dawakai, ya tarar da 'yar likitan, Ottilie, ta naɗe hannun riga tana riƙe da kan dabbar tana yi mata magana a kunne. Goɗiya ta warke cikin mako guda, Kasimir kuwa bai warke ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na daina yi masa magana tsawon hunturu guda. Ko a jikinsa.

Aka yi auren hannun hagu. A gaban fasto ya miƙa mata hagu a maimakon dama, kuma kowa a cocin ya san abin da ake nufi: matarsa ce a gaban Allah, amma sunansa da laƙabinsa ba za su hau kanta ba, ba za su hau kan abin da za ta haifa ba. Eberhard ya naɗa ta Uwargidan Eschenrode, wani ƙauye da agwagi suka fi mutane yawa, ya ce a riƙa ce mata Mai Girma. Mai Girma ƙyaure ɗaya ne.

A jerin shiga zaure, mu 'ya'yan tsohon sarki da ba mu yi aure ba mu ne ƙarshen masu jini. Ni kaɗai ce irin wannan, don haka a bayana ake rufe ƙyaure, kuma wadda ke biye da ni ita ce Ottilie. Ranar farko, lokacin ana yayin rigunan nan masu ƙarfe a ciki, faɗi kamar akurki, rigarta ta maƙale a ƙofar. Sai da ta karkata, ta ɗaga gefe, har aka ga takalminta, matan fada suna ta ƙyaƙyatawa a bayan maficai. Ba ta sunkuyar da kai ba. Mako na gaba ta zo da riga siririya irin ta matan fastoci, kuma daga ranar ba ta sake sa mai faɗi ba, yayi ya zo ya wuce. Ta koyi shiga da kafaɗa ɗaya a gaba, ba ta taɓa ko katakon ƙofar.

Kasimir, da yake yarima ne, yana can gaba da mu. Amma duk ranar zaman fada, in ya taka dokin ƙofa sai ya ɗan dakata ya waiwaya, ya nemo ta da ido, sannan ya wuce. Abin yana ba ni haushi. Na sha ce masa yarima ba ya waiwaye kamar wanda ya bar hularsa a gida. Sai ya yi dariya ya ce, "To Yaya, na ji," ya kuma yi a zama na gaba. Haka ya yi ta yi har zazzaɓin huhu ya ɗauke shi, hunturu biyu kafin abin da zan ba da labari.

Ni da Ottilie, shekara ashirin da huɗu, maganarmu ba ta wuce gaisuwa da zancen ruwan sama ba. Ina ce mata Mai Girma, tana ce mini ranki ya daɗe. Ban zalunce ta ba, ban kuma jawo ta a jiki ba. 'Yarsu Thekla ce dai ta shiga raina ba da izinina ba. Tun tana rarrafe take zuwa ɓangarena tana jan kunnen karnukana. Ni na koya mata tafiya da littafi a ka, da yadda ake rusuna wa sarki ba tare da an zube ba. A gaban mutane ranki ya daɗe take ce mini, in an rufe ɗaki kuwa Gwaggo.

Sai Yarima Waldemar na Nordhalm ya gan ta a wani biki ya ce sai ita. Su Nordhalm kambin babban sarki gare su, laƙabinsu Mai Martaba, mataki guda sama da namu, kuma ba sa bari a manta. Suka ce ɗansu ba zai auri 'yar Mai Girma ba sai an ɗaga ta. Eberhard ya sa hannu, Thekla ta kwanta tana 'yar Uwargidan Eschenrode, ta tashi tana Gimbiya Thekla, Mai Ɗaukaka. Daga ranar ƙyaure biyu ake buɗe mata, uwarta tana baya tana jira a rufe ɗaya.

Ana saura 'yan kwanaki biki uwar ango, Gimbiya Ulrike, ta iso da akwatuna da matan fadarta, dogaye duka, kowace da gashin jimina a ka. Na gayyace ta shan kofi a ɗakina, tare da sarkin fadarmu, von Treskau, tsoho busasshe wanda ya haddace dokokin gidan fiye da addu'ar cin abinci. Ta ɗanɗani kek ta ture faranti.

"'Yar'uwa," ta ce, don haka muke kiran juna mu 'ya'yan sarauta ko da ba ma ƙaunar ganin juna, "abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Matar nan."

"Wace mata?"

"Uwar yarinyar mana. An ce ubanta jakuna yake yi wa magani."

"Dawakai," na ce. "Jakuna ba ma ajiye su a nan, sai dai in sun zo mana baƙunci."

Treskau ya shaƙe da kofi. Ita ba ta ma ji ba, irin mutanen nan ne da muryarsu kaɗai ke shiga kunnensu.

"Na ga akwai baranda a saman zauren, inda makaɗa ke zama," ta ce. "A sa mata kujera a can. Za ta ji komai."

"Ranki ya daɗe," in ji Treskau, yana goge gemu, "doka ta ba Mai Girma wuri a jeri, nan bayan Mai Ɗaukaka Gimbiya Sidonie. Ba ni da ikon cire ta."

"Matan fadata 'ya'yan manyan gidaje ne. Ba za su bi bayan 'yar mai duba haƙoran dabbobi ba."

Aka yi ta ja. Daga ƙarshe Treskau, da gumi a goshi, ya yarda Ottilie ta zauna a jeri amma ta koma ƙarshe, bayan duk matan Nordhalm. A Farin Zaure yadda ka shiga haka kake tsayawa, na gaba a gaba, na baya a jikin bango. A nan ne kuma ministan gidan sarki zai ɗaura auren kafin a wuce coci.

Ulrike ta miƙe tana sa safar hannu. "Bari in faɗa tun da rana tsaka, don kada a ce ban faɗa ba. In na ga an ba matar nan ko rabin abin da ake ba masu jini, zan ɗauki ɗana mu bi jirgin ƙasa na yamma. Ai ba a ɗaura ba tukuna."

Bayan fitarta na yi zaune, raina yana tafasa. Kambin Nordhalm bai kai kabad ɗin ɗakina shekaru ba. Kakanta hayar sojoji yake ba duk mai biya, lokacin da nawa ke da kujera a majalisar sarakuna. Mu muka rufe wa Ottilie ƙyaure, gaskiya ne. Ƙofarmu ce, dokarmu ce, mu muka san nauyinta. Amma baƙuwa ta zo daga bakin teku ta nuna wa matar Kasimir jikin bango a gidan ubansa, wannan ya tsaya mini a maƙogwaro.

Kafin kofin ya huce Thekla ta faɗo ɗakin ba sallama, idanu jajur.

"Gwaggo, ba zan shiga ba. Wallahi in Mama ba ta gaba, a ƙofar zan tsaya, kowa ya gani."

"Miƙe bayanki tukuna. Wa ya koya miki magana kafaɗa a zube?"

"Gwaggo, ba wasa nake ba."

"Ni na taɓa yi miki wasa? Kina son yaron ko ba kya so?"

Hawaye suka ɓalle mata.

"To je ki wanke fuska. Mai Ɗaukaka ba ta kuka a gaban karnuka."

Washegari da hantsi aka ce mini Uwargidan Eschenrode tana neman iso. Ba ta taɓa taka ɓangarena ba, ko lokacin rasuwar Kasimir a coci muka gaisa. Ta shigo cikin baƙar rigarta siririya, ta rusuna daidai gwargwado, ba ƙari ba ragi. Gashinta ya yi fari, ban lura ba sai ranar, don kullum a bayana take.

"Ranki ya daɗe, alfarma na zo nema. Thekla ta ce za ta tayar da rigima. Ki hana ta. Ta fi jin maganarki a kan tawa."

"Zauna, Mai Girma."

"Na gode, a tsaye ma ya isa."

"Abin da aka yanke bai dame ki ba?"

Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Ya dame ni, ranki ya daɗe. Tun ranar farko yake damuna, har yau ƙarar sakatar nan a haƙorana nake jin ta. Amma na san abin da na karɓa ranar da ya miƙo mini hagu, kuma da yau ne zan sake karɓa. Ba zan bari yarinyata ta rasa mijin da take so saboda wurin tsayuwata ba."

Ta juya za ta fita, sai ta tsaya.

"Abu ɗaya kawai. Matan nan dogaye ne, ga gashin jimina. Daga jikin bango ba zan ga komai ba. In an gama, ki gaya mini yadda fuskarta ta yi lokacin da ta amsa. Ke kina lura da abubuwa."

Na ce zan duba. Na kira Thekla na ce mata za ta shiga, kai a sama, kuma in ta kuskura ta waiwaya ba ni ba ita. Ban yi wa kowa alkawarin komai ba.

Ranar biki an wayi gari da dusar ƙanƙara har gwiwa, rana ta fito ta haske dogon soron da ke kaiwa Farin Zaure, inda zanen kakanninmu ke jere a bango. Aka busa ƙaho. Eberhard ya wuce riƙe da amarya. Ulrike ta bi da ɗanta, tana tafe kamar an ɗora mata tulu a ka. Matar Eberhard ta bi, 'ya'yansa mata suka bi. Sai ni.

Mutane sun sha tambayata ko na shirya abin da na yi. Ban ce na shirya ba, ban kuma ce ban shirya ba. Abin da na sani shi ne na taka dokin ƙofa, na ga dogarin hagu ya riga ya ɗora hannu a kan ƙyaure yana jira in wuce, sai na ji wuyana ya juya da kansa. Na waiwaya, daidai inda Kasimir ke waiwayawa. Gashin jimina ne kawai har ƙarshen soron. Ban hango ta ba.

Na tsaya.

Makaɗa suka kai ƙarshen waƙa suka sake ɗaukowa daga farko. Treskau ya matso da sandarsa ta azurfa, yana magana ta gefen baki.

"Ranki ya daɗe, lafiya?"

"Gwiwata."

"Gwiwa?" Ya san a makon nan na hau dutsen bayan gari da karnuka, na bar ɗan rakiyata yana haki.

"Ta riƙe. Ba zan iya ɗaga ƙafa ba sai da mai tallafa mini."

Babbar matan Nordhalm, wadda ke bayana, ta miƙo hannu da sauri. Na dube ta daga gashin jimina har takalmi.

"Na gode, baiwar Allah, amma ban san ki ba. A gidan nan ba ma jingina da baƙo." Na juya ga Treskau. "A kira mini matar ƙanena."

Fuskarsa ta yi fari, amma ya san doka, shi ya koya wa rabin fadar. Ba mai gifta Mai Ɗaukaka a dokin ƙofa, ba mai taɓa ƙyaure, kuma ba inda aka rubuta wanda za ta jingina da shi. Ya buga sanda a ƙasa ya ɗaga murya: "Mai Girma Uwargidan Eschen..."

"Na ce matar ƙanena, Treskau. Ko kunnenka ma ya riƙe?"

Ya sake buga sanda. "Matar marigayi Yarima Kasimir."

Ba a taɓa kiran ta haka a fada ba, ko sau ɗaya. Makaɗa suka yi tsit. Matan Nordhalm suka dare gefe biyu, don ba yadda za su yi, sai ga ta can ƙarshe ita kaɗai, ƙarama cikin riga ruwan toka. Ta taho. Soron nan dogo ne, ba abin da ake ji sai takunta, kakanninmu na bango suna kallo. Ba ta yi sauri ba, ba ta kalli kowa ba. Na ga gimbiyoyi da yawa suna tafiya a soron nan, wasu ni na koya musu, kuma ban ga wadda ta fi ta ba. Na ji alfahari ya cika mini ƙirji, na ce a raina ashe yaron nan ya san abin da ya gani a garken dawakai.

Da ta iso sai ta zagaya ta hagu, inda ta saba tsayawa da mijinta.

"Ba nan ba," na ce. "Dama."

"Ranki ya daɗe," ta ce ƙasa-ƙasa, "za ki ɓata wa Thekla aure."

"Ni gurguwa ce yau, wa zai kama gurguwa da laifi? Kama nan. Kuma ki bar ranki ya daɗen nan, ya ishe ni. Kasimir Yaya yake ce mini, ke ma haka za ki ce."

Ta zagayo ta kama hannuna na dama. Muka ɗaga ƙafa tare. Sai na ji ta karkata, ta tura kafaɗa ɗaya gaba, jikinta ya shirya wa ƙyaure ɗaya kamar kullum. Na fizgo ta ta miƙe.

"A miƙe za ki shiga, Ottilie. Akwai wuri."

Muka shiga ta tsakiya, ƙyaure biyu a wangale, ni ina ɗingishi iyakar iyawata. Tunda kuwa mai tallafa wa gurgu ba ta sakinsa a hanya, sai da ta kai ni har wurina a layin gaba, ta tsaya a gefena, taku kaɗan daga 'yarta.

Ulrike ta yunƙura daga kujerar da aka ajiye mata, wuyanta ya yi ja. "Sarkin fada, wannan fa?"

Treskau ya miƙe ƙyam. Ban taɓa son tsohon nan kamar ranar ba. "Ranki ya daɗe, Mai Ɗaukaka Gimbiya Sidonie aka buɗe wa ƙofa, ita ce kuma ta shiga. Ba a ba kowa abin da ba nasa ba. Dokar gidan nan ba ta hana gurgu sanda ba."

Ta dubi Eberhard. Eberhard ya ɗaga kai yana nazarin zanen mala'ikun da ke rufin zauren, kamar yau ya fara ganin su. Ta dubi ɗanta. Waldemar ya saki gefenta, ya tako, ya sunkuya a gaban Ottilie ya sumbaci hannunta, ya je ya tsaya kusa da amarya. In za ta bi jirgin yamma, ita kaɗai za ta bi, kuma sai ta gaya wa duniya cewa gwiwar tsohuwa ce ta kore ta. Ta zauna. Eberhard ya sauke kai ya ce wa minista, "A fara."

Ban ga fuskar Thekla lokacin da ta amsa ba. Ta uwarta nake kallo. Ottilie ba ta yi kuka ba, amma ta damƙe mini hannu har sai da shatin yatsunta ya kwana uku a jikina.

A wurin walima, ana yanka gasassun agwagi, Ulrike ta leƙo ta kan tebur da murmushin da bai wuce haƙora ba.

"Ina fata gwiwar ta yi sauƙi, 'yar'uwa. Ciwo mai zuwa farat ɗaya haka, ban taɓa gani ba."

"Ba za ki gani ba tukuna," na ce. "Ciwon tsofaffin gidaje ne. Ku ba shi shekara ɗari biyar, zai zo muku."

Doka ba ta canza ba, kuma ban nemi a canza ta ba. Har yau a bayana ake rufe ƙyaure, haka ya kamata. Gwiwar ce dai ta ƙi warkewa. Ina hawa dutse da karnuka, ina sauka, ina zagaya lambu, lafiya lau, amma duk ranar zaman fada da na taka dokin ƙofar Farin Zaure sai ta riƙe. Dogarai suka saba, ba sa ma ɗora hannu a kan ƙyauren sai mun wuce. Wata rana Eberhard ya tare ni a matakala.

"Yaya, gwiwar nan za ta warke kuwa?"

"An ce da wuya."

"Wane likita ya ce?"

"'Yar likita ce ta duba ni."

Bai sake tambaya ba.

Shekara goma sha ɗaya muna shiga tare. Sai da ta yi kusan biyu kafin bakinta ya saba da Yaya, kuma ranar da ta fara faɗa ba tare da ta yi tuntuɓe ba, faɗa take yi mini a kan na fita cikin ruwa ba mayafi. Na sa tela ya ɗinka mata riga mai faɗi, ta sa sau ɗaya ta ce nauyi take yi mata. Da rana takan zo shan kofi, mu zagi Nordhalm tare, ta ba ni labarin Kasimir wanda ban sani ba, ni in ba ta na yarintarsa.

Bara, farkon sanyi, muka binne ta a Eschenrode. Ba a yarda a sa ta a kabarin gidan sarauta kusa da mijinta ba, doka ce, kuma a can ba dokin ƙofar da zan tsaya a kai.

Yanzu gwiwar ta fara ciwo da gaske, ta dama, irin ciwon da ke hana barci. Thekla ta aiko mini da sanda mai kan azurfa daga Nordhalm, tana nan jingine a bayan kabad. Ranar zaman fada na farko bayan makoki na zo dokin ƙofa na tsaya, na waiwaya. Treskau ya daɗe da mutuwa, sabon sarkin fada yaro ne, ya matso da sauri.

"Ranki ya daɗe, a kira wa?"

Na dubi soron har ƙarshe.

"Ba kowa," na ce. "Ku dai riƙe su duka biyun, ku ɗan jira. Wurin mutum biyu ne."

Na ba ta lokacin da takan ɗauka ta zagayo dama, sannan na shiga, kai a sama.